Filin Tambaya Da Amsa: Wai Ƙaramin Sauro Jariri Ne?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar an haɗa baki, kusan duk a kan sauro da ƙuda da danginsu ne, ina jin zafin nan da ya koro kowa tsakar gida da tabarma shi ya jawo. Na tsinto guda biyar masu alaƙa da juna. Masu tambayar gyambon ciki da hawan jini ku ƙara haƙuri, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam ya aiki ya iyali. Dan Allah ka raba mana gardama ni da maigidana. Mu nan unguwarmu in bazara ta yi sauron da muke gani ƙanana ne wlh kamar ba sa cin abinci, amma na lokacin sanyi sun fi girma, in kuma na je garinmu wajen Kura inda ake noman shinkafa sai in ga wasu dirka-dirka. Shi ya ce ƙananan jarirai ne ba su gama girma ba don haka ba sa sa maleriya, har yakan ce a bar ɗaura gidan sauro saboda zafi, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wa ya fi gaskiya? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaida min maigida, wannan karon dai ke ce da gaskiya, amma ki faɗa masa cikin lalama kar a ce ni na haɗa ku.

Sauro ba shi da jariri mai tashi sama. Duk wanda kika ga yana shawagi baligi ne, ya gama girman da zai yi har ya mutu, ko jinin mutum goma ya sha cikinsa ne kawai zai kumbura ya sace, fiffike da ƙafa ba za su ƙaru ba. Yarintarsa a ruwa ya yi ta. Uwar ta saka ƙwai, ƙwan ya zama 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da kike gani a randa ko a tsohuwar taya in ruwa ya kwana biyu, su yi saɓa sau huɗu, su dunƙule kamar waƙafi, sannan sauro ya fasa ya fito ya tsaya a kan ruwan yana shanya fiffike. Daga nan shi kenan, tun ran gini tun ran zane.

To ruwan da ya tashi a ciki shi ke yanka masa girma. In ruwan na da ɗumi tsutsar sauri take yi, mako ɗaya ko da ɗan ɗoriya ta gama, sai ta fito tsamurarriya da gajeren fiffike kamar tuwon da aka sauke bai gama sulala ba. Da hunturu kuwa ruwa ya yi sanyi, sai ta ja mako biyu ko fiye tana ci a hankali, ta fito ƙatuwa. Ga kuma cunkoso, da bazara kwata da kududdufi sun janye sun zama 'yan ƙananan tabkuna, dubban tsutsa a wuri kamar faranti suna wawar abinci ɗaya, ina za a samu ƙiba a nan. Gonar shinkafa kuma fili ne fetal, ga ruwa ga rana ga taki da ke sa abincinsu ya yawaita. Zafin ma yana da iyaka, a gwajin ɗakin bincike in aka riƙe ruwa sama da digiri 34 dare da rana, tsutsar sauron maleriya ba ta kai wa ga fitowa. Shi ya sa masu bincike in suna son sanin girman sauro ba sa ɗora shi a sikeli, tunda nauyin yana canzawa da jinin da ya sha, fiffiken suke cirewa su auna, na sauron maleriya wajen milimita 3 ne, kuma daga nan sukan gane irin rayuwar da ya yi yana tsutsa.

Yanzu maganar haɗari, wadda ita ce ta fi damuna a zancen maigida. Ƙaramar macen sauro takan fito ba ta da ajiyar komai a jiki, sau da yawa sai ta sha jini sau biyu kafin ta iya yin ƙwan farko, kin ga ƙanƙantar tata ƙara mata cizo ta yi. Babbar kuma ta fi jure ƙishi da tsawon rai, kuma ƙwayar maleriya tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta iso bakinsa, don haka mai tsawon kwana ita ma abin tsoro ce. Wani bincike da aka yi a Tanzaniya aka wallafa a 1992 ma cewa ya yi matsakaitan ne suka fi yawan ɗauke da ƙwayar da ta kai matakin harbi. Ɗan hakin da ka raina dai.

Abin da ya fi girma amfani ki duba shi ne zama da zanen fiffike. Sauron maleriya, wato Anopheles, in ya sauka a bango kai ƙasa yake yi gindi sama kamar ƙusar da aka kafa a karkace, kuma fiffikensa dabbare-dabbare ne, baƙi da fari. Da wannan zanen wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya siffanta sauron da ya ga ƙwayar maleriya a cikinsa a Indiya ranar 20 ga Agusta 1897. Na kwata, Culex, mai ruwan ƙasa ne, fiffike ba zane, yana zama a kwance, shi ne mai hana barci a birni amma ba ya sa maleriya. To sai dai da tsakar dare wa zai tsaya duba fiffike, a ɗaura gidan sauro kawai Hajiya, in ya yage a ɗinke.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka. Babana ne ya sa ni rubuto, mu makiyaya ne muna wajen Alkaleri ta Jihar Bauchi. Ya ce tun yana yaro ya lura tsandon da ke damun shanu in zafi ya tsananta ƙanana ne, kuma wasu in ka kama za ka ga fiffikensu duk ya ciccinye kamar tsohon tsumma, shin wani iri ne daban ko ciwo ne yake kama su su ma?

AMSA: Ka miƙa min gaisuwa wajen Baba, ka ce masa abin da ya gani da ido a bayan shanu shi ne abin da masana suka shekara suna aunawa da madubin ƙara girma. Ba wani iri ba ne kuma ba ciwo ba ne.

Tsando ƙuda ne mai abin mamaki, ba ya saka ƙwai barkatai kamar ƙudan gida. Uwar ɗa ɗaya take ɗauka a ciki, tana shayar da shi wani farin ruwa kamar nono, duk kwana 9 ko 10 ta haifi tsutsa guda ƙosasshiya a ƙasa mai laushi a inuwa, tsutsar ta nutse ta yi ɓawo, bayan kamar wata guda ƙuda ya fito. Tsutsar nan ba ta cin komai a waje, duk abin da za ta gina jiki da fiffike da shi daga uwar ya fito. To in zafi ya yi tsanani uwar tana ƙona abin da ta sha da sauri, ga dabba ta yi wuyar samu, sai ta haifi ƙaramin ɗa, kuma ɗan yana cikin ɓawo zafin ƙasa na ƙara cinye masa kitse. Kamar dai saniyar da ta sha rani, ai Baba ya fi ni sanin irin maraƙin da take haifa. Irin waɗannan ƙananan da yawansu ba sa kai labari, kafin su samu jinin farko sun mutu. A Zimbabuwe akwai tashar bincike a kwarin kogin Zambezi mai suna Rekomitjie inda aka shekara da shekaru ana kama tsando ana auna fiffikensa, kuma a can an ga yadda ƙaruwar zafi ta rage shi ƙwarai, a 1990 ana kama fiye da 50 a jikin sa ɗaya da yamma guda, zuwa 2017 sai a fita sau goma kafin a samu ɗaya.

Wurin da ake aunawa ma abin sha'awa ne. In ka ɗaga fiffiken tsando a rana za ka ga jijiyoyin tsakiya sun zana hoton gatari sak, ba wani ƙuda mai wannan, kuma tsawon bakin gatarin nan shi ake ɗauka a matsayin girman ƙudan. Da wannan gatarin, da kuma yadda yake naɗe fiffike ɗaya kan ɗaya kamar almakashi in ya sauka, za ka raba shi da sauran ƙudajen da ke cizon shanu.

Ciccinyewar kuma tsufa ne. Fiffike ba ya toho, duk kutsawar da ya yi cikin ganye da ƙaya da duk jelar saniyar da ta make shi suna barin tabo a gefen. Tun 1946 wani masani mai suna Jackson ya kasa yagewar gida shida, daga sabo fil zuwa tsumma, har yau da shi ake kintata shekarun garken tsando, ko in ce kwanakinsa. Kuma ka faɗa wa Baba mai yagaggen fiffiken nan shi ya fi zama abin gudu, don ya daɗe yana yawo a jikin namun daji da shanu, ya fi yiwuwa ya kwaso sammore. Ku da kuke maƙwabtaka da Yankari kuna da na bakin rafi kuna da na daji. Na bakin rafi inuwar kurmi ita ce ransa, wannan ne dalilin da ya sa a shekarun 1930 zuwa 1940 aka bi rafukan yankin Anchau ana sare kurmi saboda ciwon barci, har aka gina sabon gari aka sa masa Takalafiya. In saniya ta fara rama da zubar hawaye a nemi malamin dabbobi ya duba jini kafin a yi allura, yawan yin Berenil da Samorin da ka shi ke sa maganin ya daina ci. Cibiyar binciken sammore ta ƙasa ma tana Kaduna da Vom.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne ajin ƙarshe a fannin ilimin dabbobi a Zariya, an ba ni aikin kammalawa a kan auna siffar fiffiken sauro, gaskiya ni dai ban ga amfanin abin ba tunda yanzu ana gwajin ƙwayar halitta. Kuma meye bambancin girma da siffa?

AMSA: Ƙanina kar ka raina aikinka. Tambayi kuɗin gwajin ƙwayar halitta na sauro ɗari biyar, sannan ka tambayi kuɗin gilashi da gam da kyamarar da za ka ɗora a kan madubin sashenku, za ka dawo da kanka.

Yadda ake yi, ka cire fiffiken dama na kowane sauro, ka goge gashin da ke kai don jijiyoyi su fito, ka shimfiɗa a gilashi ka ɗau hoto, sai ka bi mahaɗar jijiyoyi kana sa ɗigo, wasu su sa 12 wasu 18, wuri ɗaya a kowane fiffike. Kwamfuta sai ta ɗauki duk fiffiken ta mai da su girma ɗaya, ta jujjuya su ta ɗora su kan juna. Abin da ta cire shi ne girma, bambancin da ya rage tsakanin ɗigon shi ne siffa. Ka ɗauka hula ce, zanna bukar ta yaro da ta babba girma ne ya raba su, amma zanna bukar da haɓar kada ko kai ɗaya aka auna ɗinkin daban ne.

Amfanin raba su shi ne girma ɗan goyon muhalli ne, yau zafi gobe sanyi yana bi, siffa kuwa ta fi riƙe gado, tana motsi amma a hankali. A Kamaru an bi sauron Anopheles funestus daga kurmin kudu zuwa busasshiyar arewa, aka ga girman fiffike yana tafiya da zafi da tudun wuri, siffar kuma tana da alaƙa da yadda zaren gado, wato zaren da ke cikin ƙwayar halitta mai ɗauke da abin da aka gada, ya jeru. Wannan zance na jeruwar zaren gado ma a ƙasar nan aka yi babban aikinsa, Mario Coluzzi ɗan Italiya ya yi shi a shekarun 1970 lokacin shirin maleriya na Garki wadda yanzu take Jigawa, har a 2013 aka raɗa wa wani sauron sunansa, Anopheles coluzzii.

In kana son misalin inda fiffike ya yanke hukuncin kashe kuɗi, duba Senigal. A yankin Niayes kusa da Dakar tsando ya addabi masu kiwo, tambayar ita ce in an kashe shi wani zai sake kwararowa daga kudu ko kuwa a ware yake. Aka auna fiffike aka haɗa da gwajin ƙwayar halitta, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna na Niayes a ware suke, sai aka shiga aikin kawar da su gaba ɗaya da tarko da maganin shafa wa shanu da sakin mazan da aka kashe wa ƙwayar haihuwa. Shawarata ɗaya, kai kaɗai ka sa ɗigon daga farko har ƙarshe, kar ka raba wa abokai don ku gama da wuri, hannun kowa daban ne kuma kwamfuta za ta ɗauki bambancin hannunku ta ce na sauro ne. Ka kuma rubuta watan da ka kama kowanne, in ka gwama na hunturu da na bazara za ka ƙirƙiro sabon iri da babu shi.

TAMBAYA: Malam an turo mana bidiyo a WhatsApp wai akwai kuɗin cizo mai fiffike da yake cizon mutum a baki yana barci ya sa masa ciwon zuciya, gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ƙwaron gaskiya ne, amma kwantar da hankalinka Malam, na nahiyar Amurka ne, musamman ta Kudu da ta Tsakiya. A Ajantina da Bolibiya vinchuca suke ce masa, a Barazil barbeiro. Cutar kuma sunanta Chagas, sunan likitan Barazil Carlos Chagas da ya gano ta a 1909, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasin mutum miliyan 6 zuwa 7 ke ɗauke da ita. Ba ma cizon ne ke sa ta ba, kashin da yake yi kusa da wurin ne, mutum ya sosa cikin barci ya shafa a ramin cizon ko a ido. Dangin kuɗin cizo ne na nesa, shi namu na katifa tuntuni ba shi da fiffiken tashi, haka ƙuma da ƙwarƙwata.

Shi wancan fiffiken nasa yana ba da labarin inda yake zaune. Asalinsa ɗan daji ne, cikin duwatsu da sheƙar tsuntsu da ramin ɓera, sai wasu suka tare a tsagar bangon ƙasa da jinka da akurkin kaji. Waɗanda suka daɗe a gida sukan ƙanƙance, tazarar girma tsakanin mace da namiji ta ragu. A Chile akwai wani iri, Mepraia spinolai, matan ba su da fiffiken kirki sam, mazan kuma wani dogo wani gajere wani babu. Tun 1991 ƙasashen kudancin nahiyar suka haɗu suna feshin gidaje, amma a yankin Gran Chaco ƙwaron sai ya riƙa dawowa, to a nan ake kama sababbin a gwada siffar fiffikensu da ta waɗanda aka adana kafin feshi, in sun yi daidai an san ragowa ne suka ɓuya a bango feshin bai yi kyau ba, in sun bambanta daga garken awaki ko daji suka shigo, kuma maganin kowanne daban.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara takwas ce ta ce in tambaye ka, wai da wane baki sauro yake kuka a kunne?

AMSA: Ki ce wa 'yar tawa ba da baki ba ne, fiffike ne. Mace tana kaɗa shi kamar sau 400 zuwa 500 a daƙiƙa ɗaya, namiji ya fi ta sauri, kuma da wannan ƙarar yake gane ta a cikin duhu, yana ji da gashin da ke kan ƙahonninsa. Ba don ta ba mu haushi take zuwa kunne ba, numfashin da muke fitarwa take bi sai ta iso kai. In dare ya yi zafi kaɗawar takan ƙara sauri, muryar ta ƙara siranta, ta kasa kunne yau da dare ta sake saurara in sanyi ya shigo, sai ta rubuto min abin da ta ji.